Haruffa biyu kafin ɗaurin aure: Abin da ɗakin gwaji ke gani a jinin Kanawa, da abin da ke kuɓuce masa

Tun watan Mayun 2024, lokacin da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar gwajin lafiya kafin aure, wata takarda ta shiga jerin abubuwan da ake nema kafin waliyyai su zauna a zaure ko a masallaci. Dokar ta ce ba za a ɗaura aure a Jihar Kano ba sai masu niyyar auren sun gabatar da shaidar gwajin cutar HIV, da ciwon hanta nau'in B da C, da kuma jinotayif, daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar da ta kai naira 500,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun. Kafin dokar ma, an riga an gindaya irin wannan sharaɗi ga ma'aurata 1,800 da gwamnati ta aurar ta hannun Hukumar Hisbah a watan Oktoban 2023.

Dalilin saka jinotayif a jerin ba ɓoyayye ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 masu ciwon sikila a Najeriya kowace shekara, kuma kimanin kashi 24 cikin 100 na 'yan ƙasar suna ɗauke da gadon cutar ba tare da ta kwantar da su ba. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki da matar za ta ɗauka yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta zama SS. Duk wanda ya taɓa leƙa layin iyaye mata a Asibitin Yara na Hasiya Bayero, ko a sashen masu sikila na Asibitin Murtala da ke daura da Ƙofar Mata, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da wannan lissafi yake nufi.

Sai dai haruffan nan biyu da ake rubutawa a takarda, waɗanda yanzu suke iya raba saurayi da budurwar da aka kai wa kuɗin gaisuwa, wata hanya ce ta gwaji ta samar da su. Hanyoyin kuma ba ɗaya ba ne, kuma kowace tana da inda idonta ya tsaya. Muhawarar da aka yi a kan dokar ta fi karkata ga tara da ɗauri, aka bar tambayar da ta fi kusa da rayuwar mutane: da wace hanya aka yi gwajin?

Harafi ɗaya cikin biliyan 3

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan'adam akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda aka jera shi da sinadarai iri huɗu, masana suna taƙaita su da A, C, G da T. Jerin ya kai haruffa kusan biliyan 3, kuma kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. A kan kuromosom na 11 akwai wani ɗan yanki da ke ɗauke da umarnin ƙera wani sashe na himoglobin, furotin ɗin da ke dakon iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. A wuri na shida na wannan umarni, yawancin mutane suna da GAG. Mai gadon sikila yana da GTG. Wannan sauyi na harafi guda shi ke sa himoglobin ɗin ya riƙa dunƙulewa idan oksijin ya yi ƙasa, ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gwajin da ake kira na jinotayif a mafi yawan ɗakunan gwaji ba ya duba wannan harafi ko kaɗan. Furotin yake dubawa, wato abin da umarnin ya haifar. Jajayen ƙwayoyin jinin da ake fasawa don gwajin ma ba su da DNA irin na cibiyar ƙwaya, domin suna zubar da cibiyarsu kafin su shiga jini.

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ilektiroforesis. Ana ɗiga jinin da aka fasa a gefen wata siririyar takarda mai jiƙe da ruwan sinadari, a saki lantarki. Kowane nau'in himoglobin yana da nasa cajin, saboda haka wani ya fi wani sauri: A ya yi gaba, S ya biyo baya, C ya zauna a can ƙarshe. Bayan wasu mintuna sai a ga layuka, ma'aikaci ya kwatanta su da na jinin da aka riga aka san nau'insa, ya rubuta sakamako. Tushen dabarar tsoho ne, da irinta Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa himoglobin ɗin masu sikila daban yake. Tana da araha, kuma a hannun ƙwararre mai sabon sinadari da jinin kwatance, tana ba da amsa daidai a yawancin lokuta.

Matsalar tana ga ragowar lokutan. A wannan tsere, akwai nau'o'in himoglobin da ke gudu kafaɗa da kafaɗa: D da G suna tsayawa inda S yake tsayawa, E da wani da ake kira O-Arab suna tsayawa wurin C. Ido ba zai raba su ba. Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini na lafiyayyen mutum suna rayuwa kusan kwana 120, don haka mai SS da aka ƙara wa jini a cikin wata uku da suka wuce zai iya fitowa a matsayin AS, domin jinin wani ne yake yawo a jikinsa. Akwai kuma wani gwaji mai sauƙi da ake haɗa jini da sinadari a ga ko zai yi duhu ko ƙwayoyin za su lanƙwashe. Wannan yana nuna akwai S ne kawai, ba ya bambanta AS da SS, kuma bai kamata a rubuta jinotayif da shi ba.

Wanda ya fi haɗari ga zaman aure shi ne gadon talasemiya nau'in beta. Wannan wani lahani ne a yanki guda da na sikila, amma maimakon ya sauya siffar furotin, sai ya rage yawan wanda ake ƙerawa ko ya hana ƙera shi gaba ɗaya. Mai ɗauke da kwafi ɗaya na wannan lahani, takarda za ta nuna shi AA ne, tunda duk abin da ya fito a tseren A ne. Idan ya auri mai AS, suna iya haifar yaron da ya gaji S daga ɗayansu, ya gaji kwafin da ba ya aiki daga ɗayan, kuma ya yi ciwo irin na mai SS. Ba shi da yawa a Afirka ta Yamma kamar sikila, amma yana nan. A cikin al'ummar da aka koya wa cewa AA da AS ba sa haihuwar mai sikila, ba sai an faɗi wanda za a fara zargi ba idan hakan ta faru. Matar ce.

Na'urar HPLC tana toshe da yawa daga cikin waɗannan ƙofofi. Tana tura jinin ta cikin wani bututu, ta auna yawan kowane nau'i da adadi. Idan wani ƙaramin nau'i da ake kira A2 ya haura kimanin kashi 3.5 cikin 100, alama ce ta gadon talasemiya. Takardar da ta fito daga wannan na'ura tana zuwa da alƙaluma, ba haruffa biyu kaɗai ba, kuma masu shirin aure suna da damar tambayar sunan hanyar da aka bi, su kuma faɗi ranar da aka ƙara musu jini idan an taɓa yi. Majalisar da ke kula da aikin ɗakunan gwajin lafiya ta ƙasa, MLSCN, ita doka ta ɗora wa rajistar ɗakunan gwaji da duba ingancinsu. Dokar Kano ta ƙara wa wannan aiki nauyin da ba shi da shi a da, domin kuskuren benci yanzu yana iya zama hukunci a kan aure.

Karanta harafin da kansa

Idan ana son yanke shakka, sai a koma ga DNA. Ana ciro shi daga fararen ƙwayoyin jini, ko daga yawu, ko daga ɗan guntun tsoka. Ana fasa ƙwayoyin da sinadari mai kama da sabulu, a narkar da furotin, a wanke, a bar zaren shi kaɗai. Amma neman harafi ɗaya cikin biliyan 3 sai an yawaita wurin da ake nema, kuma aikin PCR ke nan. Ana saka gajerun guntaye biyu da aka ƙera don su manne a gefe da gefen yankin, da wani sinadarin da ke kwafar DNA, sai na'ura ta riƙa ɗumamawa tana sanyayawa. Kowane zagaye yana ninka yankin sau biyu. Zagaye 30 yana iya mai da kwafi ɗaya ya kusan biliyan guda.

Mutane sun san sunan PCR ne a zamanin korona, amma cutar farko da aka nuna amfaninsa a kanta ita ce sikila. Maƙalar da ta gabatar da dabarar ga duniya, wadda Randall Saiki da Kary Mullis da abokan aikinsu suka wallafa a mujallar Science a 1985, a kan gano sikila take. Cutar da ta fi addabar Najeriya fiye da kowace ƙasa ita ta buɗe ƙofar, amma shekara kusan 40 bayan haka, talakan Kano da tseren takarda ake yi masa hukunci.

Bayan an yawaita yankin, akwai hanyoyin karanta shi. Ɗaya ita ce a zuba wani sinadari mai aiki kamar almakashi, wanda ba ya yanka sai ya ga wani jeri na musamman. Jerin yana nan a kwafin lafiya, amma sauyin sikila ya ɓata shi, don haka kwafin A yana rabewa gida biyu, na S ya zauna a dunƙule. Wata hanyar ita ce a ƙera guntun mannewar yadda ba zai kama ba sai harafin da ake nema yana wurin. Waɗannan biyun suna amsa tambayar da aka yi musu ne kawai. Mai son ganin lahanin da bai yi tsammani ba, kamar ɗaruruwan sauye-sauyen da ke jawo talasemiya, sai ya karanta yankin harafi bayan harafi, da dabarar da Frederick Sanger ya fito da ita a 1977, ko da sababbin na'urori masu karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda. Ƙarin jini ba ya ruɗa wannan gwaji yadda yake ruɗa na furotin, musamman idan daga yawu aka ɗauki samfurin.

Tambarin da ke kan rubutu

Duk da haka, haruffa ba su ƙare zancen ba. Iyayen masu sikila sun san yara biyu duk SS, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗayan sai ya yi shekara bai kwanta ba. Babban abin da ke bambanta su shi ne himoglobin F, wanda jariri yake amfani da shi a ciki. Wannan nau'i ba ya dunƙulewa, yana ma hana S dunƙulewa. Shi ya sa jaririn da aka haifa da SS yake zama lafiya a watannin farko, sai wajen wata shida, lokacin da F ya ja baya, kumburin hannu da ƙafa ya fara. Umarnin ƙera F bai goge ba, yana nan a kuromosom na 11 har tsufa. Rufe shi aka yi.

Ɗaya daga cikin makullan shi ne tambarin metil. Wani ɗan mitsitsin sinadari ne da ƙwayar halitta ke liƙa wa harafin C, galibi inda G ya biyo bayansa. Irin waɗannan wurare sun kai kusan miliyan 28 a DNA na mutum. Idan tambarin ya yi yawa a bakin wani umarni, yawanci umarnin yakan yi shiru. Harafin bai sauya ba, C yana nan C, shi ya sa PCR da karatun Sanger suke wucewa ta kansa ba su gan shi ba. A gaskiya ma kwafin da PCR ke yi ba ya ɗauke da tambarin.

Dabarar da ta warware wannan ta fito daga Ostireliya a 1992, a hannun Marianne Frommer da abokan aikinta. Ana jiƙa DNA a sinadarin baisalfait. Duk C da ba shi da tambari sai ya rikiɗe, daga baya na'ura ta karanta shi a matsayin T. Wanda yake da tambari ba ya sauyawa. Da haka bambancin da ba ya ganuwa ya koma bambancin harafi, wanda kowace na'urar karatu za ta iya gani. Daga nan aka samu rassa: PCR mai neman tambari a wuri guda, wanda aka gabatar a 1996, da faranti na kamfanin Illumina mai duba wurare sama da 850,000 a samfuri ɗaya. Baisalfait yana da mugunta, yana ragargaza mafi yawan DNA da aka saka masa, kuma idan bai gama aikinsa ba, C ɗin da ya tsira zai yi kama da mai tambari alhali ba shi da shi. Na'urorin nanofo, masu zura zaren ta wani ƙaramin rami suna auna sauyin lantarki, suna iya jin tambarin kai tsaye ba tare da wannan wanka ba.

Wannan ba ilimin ado ba ne ga mai sikila. A 1982, masu bincike a Amurka suka ba gwaggon biri wani magani mai hana liƙa tambarin metil, azasitidin, sai himoglobin F ya tashi sosai. Aka gwada shi a kan marasa lafiya kaɗan, ya yi aiki, amma tsoron kada ya jawo kansa ya sa aka ja baya. Neman madadinsa ne ya kai ga haidiroksiyuriya, wanda shi ma yake ɗaga F ta wata hanyar daban, kuma Amurka ta amince da shi ga masu sikila a 1998. Shi ne maganin da likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Asibitin Murtala, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, aka wallafa sakamakon a 2022. A ɗaya gefen kuma, binciken bambancin haruffa tsakanin dubban mutane ya gano wani umarni mai suna BCL11A, wanda shi ne babban mai kashe F. Maganin Casgevy, da Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wannan makunni yake lalatawa. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya.

Tambarin yana kuma ɗaukar sawun abin da ya faru da jiki. A ƙauyukan yankin Keneba na Gambiya, inda damina ke zuwa da ƙarancin abinci da yawan aikin gona kamar yadda manomin Arewa ya sani, wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina suna da tambari daban a wasu wurare idan aka kwatanta da na rani, kuma bambancin yana tafiya da sinadaran abinci da ke jinin uwa lokacin ɗaukar cikin. Bambancin ƙalilan ne, kuma binciken bai ce shi ke haddasa wata cuta ba. Masu sayar da magungunan da suke cewa suna gyara ƙwayoyin gado a intanet sukan tsallake wannan jimlar.

Samfurin da wanda ke riƙe da shi

Akwai bambanci ɗaya da ya sa auna tambari ya fi karanta haruffa wuya. Haruffan da mutum ya gada iri ɗaya ne a yawunsa da jininsa da hantarsa. Tambari kuwa kowace irin ƙwaya da nata, shi ne ma yake taimaka wa ƙwayar hanta ta zama ta hanta. Saboda haka wanda yake son sanin halin da ƙari yake ciki, daga ƙarin zai yanko. A wani nau'in kansar ƙwaƙwalwa, alal misali, tun 2005 aka nuna cewa tambari a kan umarnin MGMT yana nuna wanda zai fi amfana da maganin temozolomaid.

Tsokar da likita ya yanko kuwa, a kowane sashen binciken cututtuka, fomalin ake tsoma ta, sannan a daskarar da ita cikin kakin farafin don a yanka ta siriri a duba a madubin likita. Wannan yana adana siffarta shekaru da yawa ba tare da firiji ba, amma yana kakkarya DNA, yana kuma sauya wasu C su koma kamar T, wato irin sauyin da ake dogara da shi wajen auna tambari. Idan fomalin ɗin ba mai daidaitaccen tsami ba ne, ko tsokar ta kwana da kwanaki a kwalba kafin ta iso ɗakin gwaji daga wani asibitin karkara, ɓarnar ta ƙaru. Hanya mafi kyau ita ce daskarewa a ma'aunin sanyi 80 ƙasa da sifili, wanda ke buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa dare da rana. A nan ne kimiyyar ƙwayoyin gado take cin karo da kasafin kuɗi da man janareto, kuma a nan ne samfura da yawa suke kama hanyar ƙasashen waje.

Masu bincike na duniya suna son waɗannan samfura, kuma da dalili. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, amma wani nazari na 2019 ya gano cewa kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka saka a manyan binciken gado 'yan asalin Turai ne, na Afirka kuwa kimanin kashi 2. Da shirin H3Africa ya karanta DNA na mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, sakamakon da aka wallafa a 2020 ya fito da sauye-sauye sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta saka bayanan gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman, kuma ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa sun tanadi rubutacciyar yarjejeniya kafin a fitar da samfuri. Dokar Kano kuma za ta tara sakamakon gwajin dubban matasa a rajistocin asibitoci, tare da sunayensu da matsayinsu na HIV.

Kano ta riga ta ga abin da riƙe samfuri yake nufi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka sani. Yara 11 suka mutu, biyar a rukunin farko, shida a na biyu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta, ya ce sanƙarau ne ya yi ɓarnar. A 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, aka ware miliyan 35 don waɗanda abin ya shafa.

Da aka zo rabo, sama da mutum 500 suka fito, alhali yara 200 ne a gwajin. Kwamitin amintattu ya ce DNA ne zai tantance. Irin wannan tantancewa ba ta duba umarnin wata cuta. Tana duba wasu wurare ne da gajeren jeri yake maimaita kansa, wani mutum sau 9, wani sau 14, kuma yaro yana gadon adadi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan aka haɗa wurare goma sha wani abu, da wuya baƙi biyu su dace. Aka ɗebi yawun masu neman diyya don a kwatanta da samfuran da aka ajiye tun lokacin gwajin. Wasu iyalai suka ƙi, har suka garzaya kotu, domin a ganinsu ma'aunin da za a auna gaskiyarsu da shi ya fito ne daga ɓangaren da suke ƙara, su kuwa ba su da nasu ajiyayyen samfurin, ba su da ɗakin gwajin da zai sake dubawa. A watan Agustan 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko da gwajin ya tabbatar suka karɓi dala 175,000 kowannensu.